Baba Ishaya da Gwazarmar Tsakar Gidan Goggo

Duk mai sammakon fita a unguwarmu ta Magajin Gari yakan ji keken Baba Ishaya tun kafin ya gan shi, saboda kukan da fedarsa ke yi. Shekara da shekaru ana ce masa ya ɗiga mata mai, yana cewa to. A bayan keken akwai lauje da 'yar fartanya da wani tsohon gwangwanin madara. A gaba kuma jarka ce da ba mai son tsayawa kusa da ita don wari. Idan ya isa gidan da zai yi aiki, sai ya jingine keken a zaure, ya yi sallama, ya jira har a amsa, sannan ya tuɓe takalmansa na roba ya shiga. Ba ya fara taɓa kayan aiki. Zagaya ciyawar yake yi tukuna da tafin ƙafa, kansa a sunkuye. Wani wurin ya durƙusa ya kama ta ya ɗan ja. In ta riƙe ƙasa ya wuce gaba, in kuwa ta biyo hannunsa, to ranar akwai aiki.

Sunansa a coci Isaiah, mu a gari Ishaya muke cewa. Mutumin wani ƙauye ne a yankin Randagi, da Gbagyi ya buɗe baki, kuma har gobe kana jin ta a Hausarsa. Ƙuruciyarsa a wajen renon dashe na gandun daji ya yi ta, can ya koyi hannun shuka. Da dajin ya lalace, shiga ta gagara saboda 'yan bindiga, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo cikin gari. Nan ya kama kula da ciyawar tsakar gida, irin kiri-kirin nan mai yaɗo da ke shimfiɗa a ƙasa. Gidajen da ke da ita a Birnin Gwari ba su da yawa: wasu tsofaffin ma'aikata, harabar coci, da wata makaranta.

To, a garin manoma irin namu, mutum ya ce sana'arsa dasa ciyawa, ai ya saya wa kansa tsiya. Kowa na fama ya nome ta, ya yi mata feshi, shi kuma yana dasa ta har yana ba ta ruwa. Maƙwabcinmu Labaran, manomin masara mai bakin tsokana, ba ya ganinsa ya ƙyale.

"Baba, yaushe ne girbi? A ajiye mini dami ɗaya."

"Nawa girbin duk mako ne, Labaran," in ji shi. "Kai ne ke jiran kaka."

Ƙarshen watan nan Baba Ishaya zai ajiye aiki. Gwiwoyinsa sun ƙi durƙuso, 'yarsa Grace kuma ta matsa ya koma wurinta a Kaduna. Na san babu mai shirya masa walima, babu mai ba shi lambar yabo, kuma abin yana ci mini rai. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ya yi a gidan Goggona, don ni ina wurin, ba labari aka ba ni ba.

Goggo Ruƙayyatu yayar mahaifina ce. Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a unguwarmu ya san ta, ya kuma san bakinta. Mace ce da ba ta iya zama ba. Bara waccan hawan jini ya kayar da ita, ɓarinta na hagu ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti, likitoci suka ce ƙafar za ta iya dawowa, amma sai ta riƙa takawa kullum, in ba haka ba ta sandare. Tsakar gidan kuwa siminti ne tun daga bakin ɗakinta har ban ɗaki. Gwajin farko ta faɗi ta fasa goshi. Daga ranar ta ce ita da tafiya sai a lahira.

Ba ciwon ne ya fi damunta ba. Abin da ke cin ta shi ne Karima, matar autanta Salim, ita ke ɗaukar ta ta kai ta ban ɗaki, ta tsaya, ta dawo da ita. Karima ba ta taɓa ɓata fuska ba, Allah ya sani. Amma suruka ce, kuma Goggo mace ce mai kunya a ƙarƙashin duk faɗan nan nata. Sai muka lura ta rage shan ruwa. A ajiye mata kofi da safe, a zo da la'asar a tarar ko rabi ba ta sha ba, don kada ta buƙaci a kai ta. Leɓɓanta suka bushe, ta fara ramewa. Tun daga nan na gane cewa in Goggo ba ta kai kanta ban ɗaki da ƙafarta ba, kunya za ta kashe ta kafin ciwon.

Salim ne ya je ya samo Baba Ishaya, wanda dama ya san marigayi mijin Goggo. Ya zo ya dubi gidan, ya ce a fasa simintin daga bakin ɗakinta zuwa ban ɗaki. Ya kawo ƙasa mai laushi, ya je fadama ya ciro kiri-kiri ya dasa, ya kafa gora a gefe don ta samu abin dafawa. Da ruwa ya zauna, wurin ya yi kore shar, ya yi kauri, in ka taka ƙafarka har nutsewa take ɗan yi. Da ƙyar aka lallashi Goggo ta fito. Ta faɗi, ta ga ba ta ji ciwo ba, ta zagi ciyawar, ta kama gorar ta miƙe. Kafin tsakiyar damina tana kai rabin hanya, tana jan ƙafar hagu a ƙasa, hannun a naɗe a ƙirjinta.

Ana cikin haka aka yi wa Baba Ishaya rasuwa a ƙauye. Ya tafi, hanya kuma ta rufe, ya daɗe bai samu dawowa ba. A tsakanin nan ne Labaran ya shigo duba Goggo, ya ga ciyawar ta ɗan yi haske. Manomi kuwa in ya ga shuka ta yi haske, abu ɗaya ke zuwa masa. Washegari sai ga shi da baro cike da ɗanyen kashin shanu daga turkensa, ya barbaɗa shi da hannunsa, ya ce wannan gudummawarsa ce ga lafiyar Hajiya. Kowa ya yi masa godiya, har da ni.

Lokacin marka ciyawar ta fara yin rawaya tsibi-tsibi. Aka ɗauka ruwa ne ya yi mata yawa. Wata safiya Goggo na tafiya, ɗan yatsan ƙafar da take ja ya saƙale, ciyawar ta naɗo gaba ɗaya kamar tabarma, ta kife a kan kafaɗar da ba ta da lafiya. Ba ta karye ba, amma ta tsorata ƙwarai. Ta koma ɗaki ta sa aka sauke labule, kofin ruwa kuma ya koma zama a cike.

Ranar da Baba Ishaya ya dawo, ko hutawa bai yi a gidansa ba ya zo. Ya durƙusa ya ɗaga inda ta naɗe, ya kira mu. Ƙarƙashin fal yake da gwazarma, farar tsutsar nan mai ƙiba da jan kai da ke kwance a lanƙwashe cikin juji. Ya ce ƙwaron da ke zuwa wa fitila da damina ne ke bin ɗanyen taki ya yi ƙwai, in sun ƙyanƙyashe su sauka su cinye saiwa. Daga sama ka ga ciyawa a shimfiɗe, alhali babu abin da ya riƙe ta da ƙasa.

Salim manomi ne, ya san maganin ƙwari. Ya ce yana da ragowar wanda ya yi wa gona, a zuba a huta.

"Zai kashe su, babu musu," in ji Baba Ishaya. "Ni ma ina sa shi a wasu gidajen. Amma Hajiya ba takalmi take takawa. In ta faɗi, da tafin hannu take dafa ƙasa, da hannun kuma take cin goro. In mun zuba, dole a hana ta wurin na makonni. Ƙafar da ta zauna makonni, Salim, ban sani ba ko za ta sake yarda."

Salim ya ce, "To yaya za a yi, Baba?"

"Da hannu."

Haka kuwa aka yi. Ya raba wurin gida biyu a tsaye, ya ce ko yaushe a bar gefe ɗaya a shirye, ko da Hajiya za ta sauya ra'ayi. Ya riƙa yanka ciyawar da wuƙa yana naɗe ta, yana tsince gwazarmar ɗaya-ɗaya yana jefawa a gwangwani. Inda ya buɗe, sai ya sa a sako kajin Karima su tone abin da ya ɓuya masa. Kajin nan har suka san kukan kekensa, yana shigowa suna biye da shi. Da yamma ya daka 'ya'yan dogon yaro, ya jiƙa su kwana, ya tace a jarkar nan mai wari, ya yayyafa. Turminsa ya taho da shi daga gida, don ya ce in ya daka a na Karima, tuwon gidan zai yi ɗaci har Sallah. Inda saiwa ta mutu gaba ɗaya ya koma fadama ya ciro sabon kiri-kiri ya cike, ya daddaɓe gefen da dunduniya. Duk wannan a kan gwiwoyin da ko a lokacin sai ya dafa ƙasa yake tashi.

Labaran kuwa bai taɓa jin kalmar zargi ko ɗaya daga bakin Baba Ishaya ba. Da ya sake zuwa da baro, Baba Ishaya ya tare shi da fara'a, ya ce taki irin wannan ai sai a yi tanadinsa, a jibge a bayan gida ya ruɓe sai baɗi. Labaran da kansa ya gaya mini yadda ya gane. Ya je juya jibgin da fartanya, ya ga abin da ke motsi a ciki, ya tuna abin da ya gani a gwangwanin Baba. Ya ce, "Tsohon nan kullum muna gaisawa, wallahi ko a fuska bai nuna mini ba." Tun daga ranar bai sake tambayarsa ranar girbi ba.

Gwazarma ta ragu, sabon dashe ya kama, amma Goggo ta ƙi fitowa. An yi lallashi, an yi faɗa, an kawo malamin da take jin maganarsa. Ta ce ita ta gama, a bar ta.

Wata safiya na shigo gaishe ta, na tarar da Karima a bakin kicin idonta ya yi ja, tana nuna wa Salim tsakar gida. Na duba. Baba Ishaya ne a kan ciyawar, ba takalmi, ya dafa gorar da hannun dama, ya naɗe na hagu a ƙirji, yana jan ƙafarsa ta hagu a ƙasa, kai a karkace. Tafiyar Goggo sak. Ya je ƙarshe, ya juyo, ya sake. Abin ba daɗin gani, gaskiya. Karima ta ce ba yau ya fara ba, ta yi ta haƙuri ne don girmansa.

Salim ya taka har gabansa.

"Baba, mahaifiyata kake kwaikwaya a cikin gidanta?"

Baba Ishaya ya tsaya, ya dube shi, ya dubi hannunsa da ke naɗe, sannan ya sauke shi a hankali. Ka ga alamar sai a lokacin ya gane yadda abin yake a idon mai kallo.

"Ba haka ba ne, Salim. Ni ƙafata ɗagawa take yi, ba ta jin abin da tata za ta ji. In ban ja ta yadda take jan tata ba, ba zan san inda zai kama ta ba." Ya sunkuya ya nuna wani haɗin dashe da bai kai kaurin yatsa ba. "Ka ga nan. Da ido ba ka gani. Jiya ya kama ni."

Sai muka ji murya daga bayan labule.

"Auta, ƙyale shi. Ni na riga ku gani, kwana da kwanaki ina kallonsa ta nan." Ta yi tari. "Kuma bai iya ba. Ishaya, ni haka nake jefa ƙugu? Ka mai da ni agwagwa."

"To Hajiya, iyakar abin da na gani ke nan."

"Ka gani da kyau dai. Ni gefen ƙafar nake ja, kai kana jan yatsu. Duk aikin banza kake yi. Karima, zo ki kama ni in nuna wa tsohon nan yadda ake yi."

Da wannan Goggo ta koma kan ciyawa. Lallashi bai fito da ita ba, sai ganin ana yin abinta ba daidai ba. Karima ta kawo ta bakin gorar, Goggo ta ture hannunta, ta fara ja. Baba Ishaya na biye da ita a baya yana gyara tasa tafiyar, ita tana yi masa faɗa ba tare da ta waiwayo ba. Inda gefen ƙafarta ya ɗan tsaya sai ta ce, "Nan," shi kuma ya durƙusa ya daddaɓe. Ta gano masa wuraren da shi bai gano ba, ta kuma tabbatar kowa ya ji. Daga ranar suka mai da abin aikin safe, tsofaffi biyu suna jan ƙafa a tsakar gida, kaji na bin su. Yaran maƙwabta sun so su fara leƙe ta katanga, Labaran ya kore su.

Baba Ishaya, kai ne ka ɗauki ciyawa da muhimmanci a garin da ake yi mata kallon abokiyar gaba, ka jure dariyarmu ba ka taɓa ramawa da zafi ba. Kai ne ka ga hanya mai sauƙi a hannun Salim, ka san tana aiki, ka bar ta saboda tafin hannun wata tsohuwa. Kai ne ka rufa wa maƙwabci asiri a kan kuskuren da ya yi da kyakkyawar niyya. Kuma kai ne ka yarda a gan ka a siffar da za a iya zarginka, don dai ka ji da ƙafarka abin da marar lafiya ke ji da tata. Mai hannun dashe, na gaishe ka. Ba ka taɓa zama ka yi mana wa'azin zaman tare ba. Ranar Lahadi kana coci, ranar Litinin kana durƙushe a gidan Hajiya, in an kira azahar ka ja gefe ka ba masu alwala wuri, shi ke nan.

Ga masu ciyawa a gida, ga abin da ya bar mana, tunda ba zai rubuta da kansa ba. In ta yi rawaya da damina, kada ku yi saurin ƙara mata taki ko ruwa, ku kama ta ku ja tukuna. Kada ku zuba mata ɗanyen kashin dabba, ku bari ya ruɓe. In kun ga gwazarma, ku duba wa ke taka wurin kafin ku zaɓi magani. Ga sauranmu kuma, masu ɗinki da masu gini da masu koyarwa da masu jinya, ina roƙon mu ɗauki ɗabi'arsa guda ɗaya: kafin ka ce ka gama aiki, gwada shi yadda mai amfani da shi zai gwada, ko da za a yi maka dariya. Ku kuma da ke da irinsa a unguwarku, ku gode masa yanzu yana ji.

Baba, akwai safiyar da ba mu taɓa yin maganarta da kai ba, kuma na san kana tune da ita. Bayan an yi girbin masara ne. Karima ta shiga ɗakin Goggo za ta kama ta kamar kullum, ta tarar da gado babu kowa. Ta fito a firgice, sai ta ga ƙyauren ban ɗaki a rufe, an saka sakata daga ciki. Ta tsaya da hannuwanta a sake, ba ta san abin da za ta yi da su ba, sannan ta shige kicin ta ja ƙofa don kada a ji kukanta. Salim ya ɗauki rediyonsa ya hau murɗawa. Ni na buɗe wayata ina kallon abin da ban san ko mene ne ba. Duk mun san in wani ya ce mata sannu ko barka, ya ɓata komai.

Kai kana durƙushe a tsakiyar hanyarta. Da ka ji ƙarar sakata, ka ja gwiwoyinka gefe, ka juya mata baya, ka hau tonon wurin da ka riga ka tsince tun tuni, babu gwazarma ko ɗaya a ciki. Ta wuce ta bayanka tana jan ƙafa, ita kaɗai, ba ta dubi kowa ba. Ba ka ɗago ba sai da labulenta ya sauka. Na ga lokacin da ka goge ido da bayan hannu, don tafin duk ƙasa ne.

Mun gode, Baba Ishaya. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa ka samu mai yi maka irin abin da ka yi wa Goggo.